Camar: majeman Indiya da sunan da ya koma zagi

Malam Habibu:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Makon jiya da muka yi maganar sana'o'in gado, Baba Ɗanjuma ya ba mu labarin jima har dare ya raba. Bayan an watse sai Aminu ya biyo ni ta gefe, ya ce a Indiya inda yake karatu akwai wata al'umma da ma'anar sunanta majemi, kuma in ka kira mutum da sunan a gaban jama'a da nufin zagi, kana iya kwana a hannun 'yan sanda. Na ce wannan ta fi ƙarfin mutum biyu, ya kawo ta nan. Aminu bismillah. Masu tallan atamfa da masu turo hoton barka da Juma'a, a yi mana haƙuri sai an gama.

Aminu:
Wa alaikumus salam Malam, na gode. Sunansu Camar, wanda zai nema a intanet ya rubuta Chamar. Kalmar daga tsohon harshensu na Sanskrit ta fito, carmakara, wato mai aikin fata. Suna cikin mafi yawan al'ummomin da ake kira Dalit, waɗanda a da ake ƙyamar ko taɓa jikinsu. A jihar Uttar Pradesh kaɗai, inda nake, ƙidayar 2011 ta nuna sun haura miliyan 20, fiye da rabin 'yan Dalit na jihar. Akwai su a Bihar da Punjab da Haryana da Rajasthan da Madhya Pradesh, kowane wuri da sunan da suka fi so a kira su. A wajen Agra Jatav, a Punjab Ravidasi ko Ramdasia.

Ni ba a littafi na fara sanin abin ba. Shekarata ta biyu a Lucknow muka je neman ɗakin haya da wani ɗan ajinmu. Mai gidan ya dube ni, baƙo, baƙar fata, Musulmi, bai ce komai ba illa kada in dafa nama a gidansa. Sai ya juya ga abokina ya tambayi sunansa. Ya faɗa, ya ƙare da Kumar. Mai gida ya ce, Kumar me? Abokina ya yi shiru. Nan take aka tuna ashe ɗakin an riga an bayar. A hanya ne yake gaya mini da gangan mahaifinsa ya cire sunan dangi daga takardunsa na makaranta. Mahaifin nan ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kakansa manomi. Iya saninsa ba wanda ya taɓa riƙe wuƙar fiɗa a gidansu.

Bala Ɗan Sarki:
To mene ne abin mamaki? Je ka nemi 'yar gidan sarauta kana ɗan mahauta ka gani. Duk kanwar ja ce.

Zainabu:
Yaya Bala bari ya gama mana. Aminu, ni asalin nake son ji. Wa ya fara cewa su ne masu fata?

Aminu:
Zainabu, wannan ya danganta da bakin da ya faɗa. A tsofaffin littattafan Hindu an raba mutane gida huɗu, wai daga jikin wani halitta na farko suka fito: Brahmin masu addini daga baki, Kshatriya mayaƙa daga hannuwa, Vaishya 'yan kasuwa daga cinyoyi, Shudra masu hidima daga ƙafa. Camar ba sa cikin ko ɗaya, a wajen layi aka bar su gaba ɗaya. Littafin dokokinsu na da, Manusmriti, ya ambaci mai aikin fata, ya ce daga auren gauraye tsakanin wasu ƙananan jinsuna biyu ya fito. Haka littafin yake yi wa kusan duk wanda aka raina, sai a ce asalinsa aure ne da bai kamata ba.

A ƙauyuka kuma akwai labarin da tsofaffinsu suke bayarwa. Wai wasu 'yan'uwa ne Brahmin, saniya ta mutu musu, wasu suka ce a laka ta maƙale. Manyan suka ce wa autansu ya je ya janye ta, suka yi masa alkawarin in ya yi wanka za su karɓe shi. Ya janye, ya yi wanka, ya dawo suka ce ya ƙazantu, ba mai cin abinci da shi. Daga shi Camar suka fito.

Malam Habibu:
Ku lura da wannan labarin da kyau, ni ya fi littafin burge ni. Mutanen da aka danne ne suke ba da shi, kuma ba su musa cewa taɓa mushe ƙazanta ce ba. Abin da suka musa shi ne a ce haka aka halicce su. Suna cewa uwa ɗaya uba ɗaya muke da ku, yayyenmu ne suka ci amana. Irin waɗannan labaran asali galibi bayan abu ya riga ya kafu ake ƙera su, ko don a kare shi ko don a rage masa zafi. Ba a neman shekara da wata a cikinsu.

Aminu:
Haka ne Malam. Da boko ya shigo ma an sake ƙera wasu. Jatav na Agra sun kafa ƙungiya a 1917 suna cewa su jinin mayaƙa ne, zuriyar Yadu, dangin Krishna abin bautar Hindu. A Punjab kuma Mangu Ram ya kafa tafiyar Ad Dharm a 1926, su suka ce mu ba ma neman gurbi a layinku, mu ne 'yan ƙasa na asali da kuka tarar. A ƙidayar 1931 mutum sama da dubu 400 suka rubuta Ad Dharm a matsayin addininsu. Abin da masu binciken ƙwayoyin halitta suka fitar a 2013 shi ne mutanen Indiya sun daɗe suna auratayya a tsakaninsu, sai wajen shekaru dubu ɗaya da ɗari tara da suka wuce ƙofar ta fara rufewa, kowane jinsi ya koma aure a cikin gida.

Baba Ɗanjuma:
Yaro, ni duk wannan lissafi bai dame ni ba. Gaya mini da me suke jima. In ka gaya mini wannan zan san ko majema ne ko masu wasa da fata.

Aminu:
Baba, ranka ya daɗe, za ka yi dariya. Da farko suna jiƙa fatar a ruwan farar ƙasa kwanaki har gashi ya saki, su kankare. Sannan su sa ta a ruwan ɓawon wata bishiya da suke kira babul. Da na ga bishiyar a bakin hanya na ce wannan ai na san ta. Bagaruwa ce. Ita ɗin dai, da ƙayarta da furenta rawaya.

Baba Ɗanjuma:
Allahu akbar. Bagaruwa har Indiya! To 'yan'uwana ne. Sai dai mu 'ya'yan muke dakawa, ba ɓawo ba. Mu toka muke sawa gashi ya fita, sannan kashin kaji ko na tantabara fata ta yi laushi, sannan bagaruwa, a shafe da man gyaɗa, in ja ake so a kawo karan dafi. Ɓawo zai fi sa fata ta yi duhu da tauri, ina jin don ƙirgin shanu suka fi yi ba fatar akuya ba.

Aminu:
Wallahi Baba ka canka. Shanu da ɓauna ne yawanci. Akwai ma wata dabara tasu, sai su ɗinke ƙirgin ya zama kamar salka, su cika shi da ruwan ɓawon, su rataye, ruwan ya riƙa tsatsowa ta jikin fatar har ta jemu ciki da waje.

Isufu Maraɗi:
Baba Ɗanjuma ina gaisuwa. Mu nan gabaruwa muke cewa. Abin da ban gane ba, mutumin da ke yi ma takalmi, ya yi ma wasakin ɗiban ruwa, don mi za ka ƙyamace shi? Jar akuyarmu ta Maraɗi da Sakkwato fatarta har Turai ta kai, ana ce mata fatar Maroko don ta can take bi. Ban taɓa jin an hana majemi shan ruwan rijiya ba.

Aminu:
Malam Isufu, a nan gizo yake saƙar. Mu mahauci ne yake yanka, ya feɗe, ya sayar wa majemi fatar halal. Su saniya abar girmamawa ce, ba a yanka ta a gidan Hindu. Sai ta tsufa ta mutu da kanta. To wa zai ɗauke mushen daga ƙofar gida? Wannan ne aikin da aka ɗora wa Camar a ƙauye. A kira shi ya ja gawar zuwa bayan gari, ya feɗe, fatar ta zama tasa ko a raba da mai dabbar. Talauci ya sa wasu har naman suke ci, aka ƙara riƙe wannan a matsayin hujja a kansu.

Kuma ba ciniki ake yi ba irin na kasuwa. Akwai tsarin da ake kira jajmani. Kowane gidan masu gona yana da nasa gidan Camar da suka gada kaka da kakanni, kamar yadda yake da wanzaminsa da mai wankinsa da maginin tukwanensa. Shi zai kawo takalma, da igiyar fata ta garma, da bulala, da babban wasakin da shanu ke ja daga rijiya don ban ruwa, ya gyara in ya yage. Matarsa sau da yawa ita ce ungozoma, don jinin haihuwa ma ƙazanta ne a wurinsu. Ladansa sai kaka, a auna masa hatsi a masussuka. Ga aikin tilas da suke kira begar: ɗaukar kayan hakimi, kai saƙo, nome gonar mai ƙasa ba ko sisi. Unguwarsu a gefen gari take, rijiyarsu daban, ba shiga wurin bauta.

Zainabu:
Matar da ta karɓi haihuwarka da hannunta, ka girma ka ce hannun nan ba zai taɓa tulunka ba. Subhanallah.

Ustaz Nura:
In an ba ni dama. Maganar fatar mushe mu ma muna da ita a fiƙihu. Hadisi ya zo cewa fata in an jeme ta ta tsarkaka. A mazhabarmu ta Malikiyya an ɗan taƙaita, mai Risala ya ce ba laifi a amfana da fatar mushe in an jeme, amma ba a salla a kanta kuma ba a sayar da ita. Abin lura, duk hukuncin a kan fatar yake. Wanda ya taɓa najasa ya wanke hannunsa, shi ke nan, ya shiga sahu kafaɗa da kafaɗa da sarki. Najasa ba ta shiga jini balle a haifi ɗa da ita.

Bala Ɗan Sarki:
Allah ya gafarta Malam, wannan a littafi ne. Ni na ga auren da aka fasa a unguwarmu saboda an gano kakan yaron maroƙi ne, alhali yaron injiniya ne. Mahauta, wanzamai, maƙera, kowa ya san abin da ake faɗa a bayan idonsu in maganar aure ta taso. Kada mu zauna muna yi wa Indiyawa dariya.

Baba Ɗanjuma:
Bala, ka faɗi gaskiya rabi. Ni an taɓa hana ni mata saboda warin jima, ban manta ba, shekara arba'in ke nan. Amma uban yarinyar da ya hana ni, a kwano ɗaya muka ci tuwo ranar sunan jikansa, kuma na sha ba shi salla a masallacin unguwa in liman bai zo ba. Ɗana na biyu ya auri 'yar malamai. Raini akwai, ban ce babu ba. Sai dai namu in ka yi ilimi ko Allah ya buɗa maka, ana mantawa. Yaron nan da Aminu ya faɗa, uban ma'aikaci, kaka manomi, amma har yanzu ana shinshinar sunansa.

Zainabu:
Wannan maganar ta kaka manomi ita ta tsaya mini, shi ya sa na je na duba. Akwai wani masanin tarihi ɗan Indiya, Ramnarayan Rawat, da ya bi takardun haraji da na ƙidaya na zamanin Turawa a Uttar Pradesh. Abin da ya samu, mafi yawan Camar manoma ne tun a lokacin. Wasu na haya gona suna biyan galla, wasu 'yan ƙwadago, wasu ma da 'yar gonarsu. Masu aikin fata tsiraru ne ƙwarai. Kuma in ka yi lissafi da kanka ma za ka gani. Mutum miliyoyi, shanu nawa ne za su mutu a ƙauye a shekara da za su ciyar da su? Gida ɗaya ko biyu sun ishi gari jima.

Turawan ƙidaya ne suka zo da takarda mai gurbin "sana'ar gado", suka tambayi malaman Brahmin ma'anar suna, aka ce mai fata, suka rubuta. Mutum yana tsaye da garma a hannu, takarda ta ce shi majemi ne. Har da zargin da ya yaɗu a ƙarni na 19 cewa suna sa wa shanu guba don su samu fata, aka riƙa kama su a kai.

Hajiya Rabi:
'Yata Zainabu, ni ban yi karatunku ba amma na je Agra sau huɗu sarin takalma. Kasuwar da ake kira Hing ki Mandi, ka shiga lungu ka ga gida gida ana yanka ana ɗinki, uba da ɗa da jika, kusan duk Jatav ne. Da rana za ka gan su da kwanduna a ka cike da takalma suna kai wa dillalai. Kada a ce mini ba sana'arsu ba ce, da idona na gani, kuma sun iya.

Zainabu:
Hajiya ban musa ba. Amma Agra birni ne, kuma ɗinkin takalmi na kasuwa daban da jan mushe a ƙauye. Wanda ya je Kofar Wambai ya ga dukawa ba zai ce duk Kanawa dukawa ne ba.

Hajiya Rabi:
To wannan kuma haka ne. Abin da ya fi ba ni haushi a can ma, masu ɗinkin ba su ne masu kuɗin ba. Manyan shagunan da muke saye a hannunsu yawanci 'yan Punjab ne da Sindh da suka yi hijira lokacin raba ƙasa a 1947. Mai ɗinki ya kawo kaya a ba shi takardar bashi ta wata uku, in yana son kuɗi a hannu ya sayar da takardar a rage masa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Malam Habibu:
Bari in haɗa maganar Hajiya da ta Zainabu, don ina ganin duk biyun suna tsaye. Turawa ba su suka ƙirƙiro ƙyamar ba, ta girme su nesa ba kusa ba. Waliyyinsu Ravidas, wanda ya rayu a Varanasi wajen ƙarni na 15 zuwa na 16, da bakinsa yake kiran kansa Camar a waƙoƙinsa, yana cewa danginsa masu jan mushe ne a kewayen birnin. Waƙoƙin nan kusan arba'in suna cikin littafin addinin Sikh har yau. Abin da Turawa suka yi shi ne sun mayar da fata babbar harka. Bayan tawayen 1857 sojan Ingila na buƙatar sirdi da linzami da takalma, aka kafa masana'antar gwamnati a Kanpur, kamfanoni suka biyo baya. Wa zai yarda ya tsaya a ramin jima? Sai aka nufi unguwannin Camar neman leburori. Manomin da bai taɓa jima ba ya zo birni ya zama majemi, don shi kaɗai ne aikin da aka buɗe masa. Sunan ya ja shi zuwa sana'ar, sannan aka nuna shi aka ce kun gani, ai sana'arsu ce.

Aminu:
Na je Jajmau, unguwar majemun Kanpur, a bakin kogin Ganga. Ɗaruruwan masana'antu, masu su yawanci Musulmi ne, leburori Dalit da talakawan Musulmi. Yanzu ba bagaruwa, sinadarin kurom ake sawa, ruwan da ke fita shuɗi-shuɗi. Wanda ya san Challawa da Sharaɗa ya san warin. A ƙarshen 2018 gwamnati ta rufe su watanni saboda masu wankan ibada na bikin Kumbh, leburori suka watse ƙauyuka.

Sa'adu Direba:
Ni dai duk finafinan Indiya da na kalla tun ina yaro ban taɓa ganin wannan ba. Kullum yaro talaka, yarinya 'yar mai kuɗi.

Zainabu:
Malam Sa'adu, sau da yawa "talaka" ɗin nan rufa-rufa ce. Wani babban binciken gidaje da aka yi a 2011 zuwa 2012 ya samu auren da ya tsallake jinsi bai wuce kashi 5 cikin 100 ba, kuma kashi 27 na gidaje sun amsa da bakinsu cewa suna nuna ƙyamar taɓawa ta wata fuska, kamar hana Dalit shiga madafa ko taɓa kwanukansu. Wannan fa bayan tsarin mulkin 1950 ya haramta abin a sashe na 17.

Bala Ɗan Sarki:
To su musulunta mana su huta. Ko su bar sana'ar.

Aminu:
Yaya Bala duk biyun an gwada. Barin sana'a tun ƙarni na 19 Guru Ghasidas ya yi wa mutanensa wa'azi a Chhattisgarh, su bar nama da giya da harkar mushe, suka koma kiran kansu Satnami. Maƙwabta suka ci gaba da yi musu kallon da. Wani wurin ma in suka ce sun daina jan mushe, masu gona su hana su aiki da hanyar rijiya har sai sun dawo.

Ka tuna abin da ya faru a Una ta jihar Gujarat ranar 11 ga Yuli 2016. Wasu matasa Dalit 'yan gida ɗaya suna fiɗar mushen saniya, 'yan banga masu kare shanu suka kama su suka ce su suka kashe ta, suka ɗaure huɗu a jikin mota suna bulala, suna ɗauka a waya. Bincike ya nuna zaki ne ya kashe saniyar. Da abin ya fusata mutane, sai 'yan Dalit suka kwaso mushe a motoci suka zube a ƙofar ofisoshin gwamnati, suka yi rantsuwar sun daina, suna cewa ku riƙe wutsiyar saniyarku ku ba mu gona. In ka yi aikin a dake ka, in ka bari a dake ka. Iyalin nan daga baya a 2018 suka koma addinin Buddha.

Musulunta kuwa, kada ran kowa ya ɓaci, Musulmin Indiya ma suna da nasu layin. Akwai Ashraf masu cewa asalinsu Larabawa ko Farisa ko Turkawa, akwai Ajlaf, akwai Arzal a ƙasa, kuma wajen aure ana dubawa. Ga kuma doka: kason gurabe na kashi 15 cikin 100 da ake ware wa Dalit a aikin gwamnatin tarayya da makarantu, umarnin shugaban ƙasa na 1950 ya taƙaita shi ga Hindu, aka ƙara Sikh a 1956, mabiya Buddha a 1990. Wanda ya musulunta ko ya zama Kirista ya fita daga wannan kason.

Ustaz Nura:
Inna lillahi. Wannan na Musulmin bai da hujja ko ɗaya a addini, al'ada ce suka shigo da ita ba su sauke ba. Kuma Bala, na karɓi gyaranka na ɗazu, mu ma akwai kayan da ba mu sauke ba.

Sa'adu Direba:
Shi wannan Ambedkar da ya rubuta musu tsarin mulki, ba shi ma Camar ba ne?

Malam Habibu:
A'a Sa'adu. Dalit ne amma Mahar, daga Maharashtra, su aikinsu na gado gadin gari da kai saƙo, ko da yake su ma an ɗora musu jan mushe. Shi ne ya jagoranci dubban ɗaruruwa suka koma addinin Buddha a Nagpur a Oktoban 1956, kuma Jatav na Agra da yawa sun bi shi. Manyan Camar a siyasa su ne irin Jagjivan Ram na Bihar, ministan tsaro lokacin yaƙin 1971 da Pakistan, daga baya mataimakin firaminista. Yana ɗalibi aka ajiye wa 'yan Dalit tulun ruwa daban a makaranta, ya fasa shi, aka sake ajiyewa ya sake fasawa, har shugaban makaranta ya haƙura. 'Yarsa Meira Kumar ita ce mace ta farko da ta shugabanci majalisar wakilai a 2009. Sai Kanshi Ram da ya kafa jam'iyyar BSP a 1984, da Mayawati, 'yar Jatav, wadda ta mulki Uttar Pradesh sau huɗu, na farko a 1995.

Hajiya Rabi:
Mai jam'iyyar nan mai alamar giwa! Na ga gumakan giwayen nan a Lucknow jere reras, na ce wannan mata ta kashe kuɗi.

Aminu:
Ta sha suka a kai Hajiya, har kotu. Ni ma da farko ɓarna na gani. Amma abokin nan nawa ya kai ni wurin ranar hutu, na ga mutanen ƙauye sun zo da 'ya'yansu cikin kayan salla suna ɗaukar hoto a gaban gunkin Ambedkar da na Ravidas. Ya ce mini kakansa ko inuwar wurin bauta bai isa ya tsaya ba. Ban ce kuɗin sun tafi daidai ba, amma na daina yi wa wurin dariya.

Sunan ma yanzu rigima biyu ake a kansa. Kotun ƙoli ta ce a 2008 kiran mutum Camar don wulaƙanci a gaban jama'a laifi ne ƙarƙashin dokar 1989 ta hana cin zarafin Dalit. A gefe guda matasansu sun ɗauke shi suna taƙama. A Punjab za ka gan shi liƙe a bayan mota da babur, mawaƙa na kirari da shi. A wani ƙauye na Saharanpur allon da suka kafa mai cewa Camar mai girma ya jawo faɗa da masu gona, kuma jagoran matasan, Chandrashekhar Azad, ya ci kujerar majalisar tarayya a 2024. Shawarata ga mai zuwa Indiya, asibiti ko sari, kada kalmar ta fito daga bakinka. Ka ce Dalit ko Jatav in dole ne, in ba dole ba ka yi shiru.

Isufu Maraɗi:
Malam Habibu, wai gaskiya ne sun yi yaƙin Bama?

Malam Habibu:
Gaskiya ne. Turawa sun kafa musu runduna da sunansu a 1943, ta yaƙi Japanawa a fagen Bama, aka rushe ta a 1946 da yaƙi ya ƙare. Fagen da aka kai kakanninmu na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma ke nan.

Baba Ɗanjuma:
Ƙanin mahaifina ya je Bama, ya dawo da takalmin soja ƙafa ɗaya ya tsage, mahaifina ya ɗinke masa. Ina yaro ina jin tsoho yana juya takalmin yana cewa wanda ya jeme wannan ƙirgi ya san aikinsa. Wa ya sani ko daga Kanpur ɗin nan ya fito.

Aminu, yaushe za ka zo hutu?

Aminu:
Bayan jarrabawa Baba, wata biyu in Allah ya yarda.

Baba Ɗanjuma:
Ka zo mini da ɓawon babul ɗin nan ko cikin mudu ɗaya ne. Ina da fatar akuya biyu, ɗaya zan sa mata namu ɗaya nasu, mu gani.

Hajiya Rabi:
Baba, ɓawon itace a jaka a filin jirgi? Za su ce magani ne su tsare yaron mutane.

Baba Ɗanjuma:
To bari, akwai bagaruwa a bayan gidana, zan ɓare tata. Aminu kai dai ka tambayo mini kwana nawa suke barin ƙirgin a rataye, kuma ɗanyen ɓawo suke dakawa ko busasshe.

Aminu:
Abokina bai sani ba Baba, na gaya maka gidansu manoma ne. Amma akwai wani tsoho mai gyaran takalmi a bakin ƙofar makarantarmu, gobe in na fita zan tsaya wurinsa.